Akushin Inna a Hannun Farfesa Kada-a-Taɓa

Ranar da Malam Mansur Reza ya ratsa Tudun Wada da shuɗiyar fuska, babu wanda ya gaya masa. Mai shayi ya gaishe shi da ladabin da bai saba ba. 'Yan acaba suka riƙa rage gudu suna waiwaye. Shi kuwa sai ƙara ɗaga kafaɗa yake yi, a zatonsa kwarjini ne ya sauko masa da girma. Sai da ya isa shagonsa na kayan babur, ya leƙa wani madubi da ke rataye, sannan ya ga abin da duk Gusau ta riga shi gani. Daga goshi har haɓa ya rine, kamar wanda aka tsamo daga marina.

Gidan taubashinsa ya je roƙon alfarma. Zafi ya dame shi, ya ga wani ƙyalle a kan teburin falo, ya ɗauka ya share gumi son ransa. Ashe turkuɗi ne da ya girmi kakansa, an shimfiɗa shi don a ɗauki hotonsa. Mai gidan ya ga fuskar sarai, amma ba ita ta dame shi ba. Ƙyallen ya fizge, ya duba gabansa da bayansa da madubin ƙara girma, ya yi wa ƙyallen sannu.

To, wa zai ga laifinsa? Ai ba kowa ba ne Farfesa Abubakar Sadiƙ Bungudu. Shehun malamin adabi, masanin tarihin zane da sassaƙa, gagarabadan da ya fita daga ƙauyen Kekun Waje da allo a hammata ya dawo da digiri har aljihu ya kasa ɗauka. Littafinsa na farko a kan tatsuniya ne, kuma ya yi mata bayani mai zurfin da tsofaffin da suka ba shi ita suka ce ba su taɓa jin ta ba. Daga nan aka gayyace shi taro ƙasar waje. A can ne, a wani gidan adana kayan tarihi, ya ga ludayi irin na kakarsa kwance cikin akwatin gilashi, ga fitila a kansa, ga mai gadi da kaki yana tsaronsa. Tun daga ranar Farfesa bai ƙara yarda cewa don shan fura aka yi ludayi ba.

Sai littattafai suka ɓarke kamar ruwan Agusta. Ya rubuta Falsafar Bakin Ƙwarya. Ya rubuta Ludayi da Matsalar Kaɗaici a Adabin Baka. Ya zo ya kafa babban aikinsa, Akushi a Mahangar Ƙarni, juzu'i biyu sun fito, na uku yana hanya. Gidansa ya koma wurin da baƙo ke tsayuwa a tsaye, don kujera 'yar tsugunno tana da lamba, tabarma tana da lamba, kowane abu da takardar gargaɗi a jikinsa. Nan Mansur ya samo masa sunan da ya bi shi har jami'a: Farfesa Kada-a-Taɓa. Matarsa, Hajiya Amina, ta taɓa neman muciyarta tun safe, ruwa yana tafasa a tukunya, daga baya ta gan ta a falo cikin gilashi, an rubuta mata tarihi.

Mansur ya ci abinci da wannan suna shekara da shekaru. A majalisarsu ta gindin dalbejiya, shi ke saukar da tabarau kan hanci, ya ɗaga kofin shayi, ya ce da muryar Farfesa wannan ba kofi ba ne, matani ne. Wasan taubasai ya halatta masa, uwarsa da uban Farfesa ciki ɗaya suka fito. Abin da bai taɓa faɗa wa majalisa ba shi ne, duk littafin da ya fito sai ya buɗe shafin godiya ya bi da yatsa. An gode wa mai buga rubutu. An gode wa direba. An taɓa gode wa wani jaki da ya ɗauko tukwane daga Wonaka. Mansur dai shiru. Daga wannan shafin kuma bai taɓa wucewa ba.

Alfarmar da ta kai shi gidan a ranar shuɗiyar fuska ita ce akushin Inna Zulai, kakarsu. A gidansu na Kekun Waje, duk ɗiyar da aka kai ɗakin miji, washegari a cikin akushin nan ake zuba mata tuwon dawa a kai, ita da ango su fara sa hannu. Tsofaffin gidan sun ce auren da aka ci tuwonsa a akushin Inna ba ya dawowa. Da Inna ta rasu aka zo rabon gado, kowa idonsa na kan gona da awaki, Farfesa ya ce akushin kawai yake so. Aka yi masa dariya, muryar Mansur ta fi ta kowa. Yanzu ga Sumayya, 'yar farin Mansur, ta gama karatun jinya, za ta auri Nura wanda ta zaɓa da kanta. Ba ta nemi gado na yayi ba, ba ta nemi firji ba. Ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, akushin Inna nake so, kamar yadda aka yi wa su Gwaggo." Mansur ya bugi ƙirji. Bai tsaya nan ba, har gaban dangin ango ya je ya sake bugawa.

Amsar da ya samo a falon, kafin ya fito a rine, doguwa ce. Farfesa ya tsaya gaban gilashin, ya goya hannu a baya, ya ce: "Wannan da kake gani, ya kai ɗan gwaggona, ba mazubi ba ne. Kundin wayewar kai ne. Kana so in ɗauki babi na bakwai na rayuwata in miƙa wa mata su zuba masa miyar kuka?" Babi na bakwai ɗin a kan wata tsaga ce da ke gefen akushin, wadda aka ɗinke da waya. Farfesa ya kira ta ɗinkin zumunci tsakanin manomi da makiyayi, har an karanta takardar a ƙasashe biyu. Duk dangi sun san akuya ce ta taka shi.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mansur ya wanke fuska, ya naɗe harshensa ya sa aljihu, ya koma almajirin ilimi. Da ya ji Farfesa zai tafi kasuwar Tsafe binciken fili, ya rufe shago ya ce shi zai riƙe jaka. Suka kama hanya da hantsi don su dawo da rana tsaka, kamar yadda kowa ke yi yanzu saboda rashin tsaro a hanya. A mota ya shaida wa Farfesa cewa juzu'i na biyu ya hana shi barci. Farfesa ya tambayi wane babi. Mansur ya ce na tsakiya. Farfesa ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san wannan babin ba na kowa ba ne.

A Tsafe kuwa an san da zuwansa. Masu sayar da ƙore sun daɗe da gane cewa malamin nan mai tabarau ba ya kallon lafiyayyar ƙwarya, sai fasasshiya, sai wadda hayaƙi ya ci. Saboda haka da an hango motarsa, sai ka ji ƙas-ƙas a bayan rumfa. Mansur da idonsa ya ga wani ya zauna kan sabuwar ƙwarya, ya tashi, ya shafa mata toka, ya kawo ta gaba da hannu biyu. Farfesa ya karɓa kamar jariri. Ya tara jama'a, har da wasu matan Fulani da suka sauke ƙoren nono don su ga ƙarshen abin, ya ce: "Ku dubi wannan rauni. Wannan ba fashewa ba ce, kukan ƙarni ne. Hannun da ya yi wannan ya daɗe a ƙasa." Mai hannun yana tsaye a gabansa yana karkaɗe toka daga wando. Wata daga cikin matan ta tambayi Mansur a hankali ko malamin yana shan magani. Wannan labari ne da zai ciyar da majalisa wata guda, amma Mansur ya haɗiye shi da ƙyar, kamar busasshen rogo, ya ce mata ilimi ne ya yi masa yawa. Har ya ƙara da cewa shi ma ya ji kukan.

Duk da haka akushi bai motsa ba. Biki yana matsowa, Halima matar Mansur ta daina tambaya da baki, ta koma tambaya da ido, wanda ya fi ciwo. Sumayya kuwa ko sau ɗaya ba ta sake tayar da maganar ba, don ta yarda da ubanta. Wannan ne ya fi hana shi sakat.

Sai Allah ya kawo ƙaddamar da juzu'i na uku a ɗakin taro na Bungudu. Mansur ya nemi a ba shi gabatar da baƙi, kuma da yake duk yankin babu mai bakinsa, aka ba shi. Ya kama makirfo ya yi wa Farfesa kirarin da ko maroƙi sai ya ji kishi: rijiya mai zurfin da guga ke tsoro, hasken Kekun Waje, mutumin da ya sa Turawa suka tashi tsaye don ludayi. Farfesa yana zaune yana kumbura a hankali kamar ƙullin ƙosai. Da ya miƙe, ya yi jawabi har masu kunun zaƙi na waje suka sayar suka tafi. Ya lissafa maƙiyan akushi guda uku kamar yadda ya tsara su a littafin, wato gara, gobara da ɓera. Ya yi tir da al'ummar da ta bar akushi ta kama roba. Ya ce, yana dukan teburi, "Al'adar da ba a raya ta ba, gawa ce da aka yi wa kwalliya!"

Nan Mansur ya ga bango ya tsage. Kafin tafi ya lafa ya karɓe makirfo, ya yi wa jama'a albishir cewa, don tabbatar da wannan magana, Shehun Malami ya yanke shawarar fito da akushin Inna daga gilashi, a ci tuwon amarya a cikinsa a bikin 'yarsa Sumayya, duniya ta ga al'ada da ranta. Ɗaki ya ɗauki kabbara da tafi. Farfesa ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya dubi mai ɗaukar hoto, ya rufe. Da ya sake buɗewa, sai ya bayyana cewa wannan tunani ya daɗe yana nuƙa a ransa, har ya raɗa masa suna Baje Koli Mai Numfashi, kuma zai zo da ɗalibansa su shaida.

Da sharuɗɗa aka miƙa akushin. Ba a taɓa shi sai da safar hannu. Ba cokalin ƙarfe, ba sabulu, ba soson waya. Mansur ya amsa kowanne da to, ya rungumo shi cikin tsumma, ya nufi shago yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi ba tare da ya zare takobi ba.

A shago ya kwance tsumman, ya dubi abin da ya sha wahala a kansa. A cikin gilashi, ƙarƙashin fitila, akushin yana da haiba. A kan benci, tsakanin tayoyi da sarƙar babur, wani baƙin abu ne mai tsaga, ɗinke da waya mai tsatsa, yana warin tsohon hayaƙi da man shanu. Sai ya tuna gidan su Nura, inda ake kawo wa baƙo abinci a kuloli masu ruwan gwal. Ya tuna ƙirjin da ya buga a gabansu. Ya ji kamar yana jin uwar ango tana tambaya ko wannan ne abin da aka cika musu kunne da shi. Mutumin da ya shekara talatin yana cewa don ci aka yi akushi ba don kallo ba, ya zauna yana tunanin yadda za a kalle shi.

Ya ɗauka ya kai wa Amos kafinta, wanda ke haɗa kujerun amare a bayan layinsu. Ya ce a goge baƙin nan da samfefa, a cike tsagar, a shafa masa man ƙyallin da ake shafa wa kujeru ciki da waje, a zagaye bakin da fenti ruwan gwal. Amos ya juya akushin, ya tambaya ko na ado ne. Mansur ya ce ya yi aikinsa kawai, shi ya san tarihin abin, a gidansu aka rubuta littafinsa. Da ya dawo karɓa, akushin yana walƙiya har yana ganin haƙoransa a ciki. Ya ɓoye shi a shago don ya ba matan gida mamaki.

Ya kuwa ba su. Washegarin kai amarya, tuwo ya nuna, mata sun cika tsakar gida, Mansur ya shigo ya yaye tsumma kamar mai buɗe sabon masallaci. Guɗar da aka ɗauko ta maƙale a wuya. Gwaggo, wadda ita ce babbar da ta rage a ɗiyan Inna, ta matso ta shafa gefen da tsagar take, ba ta ji ta ba. Ta ce, "Wanga ba na Inna ba ne." Mansur ya rantse shi ne, gyara kawai ya sha. Halima ta dube shi, irin kallon da ke cewa za mu haɗu bayan biki. Amma rana ta yi, dangin ango suna jira, babu yadda za a yi. Aka kwashe tuwo da zafinsa aka zuba, aka rufe da faifai, aka ɗauka.

Tun a hanya warin ya fara fita. Kafin a isa gidan Nura, masu rakiya sun koma numfashi da baki. A tsakar gida aka tarar da Farfesa ya riga kowa, cikin babbar riga da safar hannu fara, ɗalibai a bayansa da biro a shirye, yana yi musu bayanin cewa abin da za su gani yanzu ba a taɓa ganinsa ba a tarihin fannin. A nan dai bai yi ƙarya ba. Uwar ango ta ɗaga faifai, tururi ya tashi, gida ya koma shagon kafinta. Man ƙyallin ya narke ya kama tuwon, gefen malmala ya yi rawaya, bakin ya ɗauko ruwan gwal.

Sumayya tana zaune cikin mayafi. Ta dubi akushin, ta dubi ubanta, idonta ya cika. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Reza dai yau ta dakushe.

Nura ne ya matsa. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuro daga tsakiya inda abin bai kai sosai ba, ya kai baki. Fuskarsa ta yi abin da fuska ke yi. Ya haɗiye, ya yi tari, ya sake miƙa hannu, sai Sumayya ta riƙe masa wuyan hannu, ta ce a matsayinta na ma'aikaciyar jinya ta hana. Dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye. Gwaggo ta ce a ɗauke tuwon, an gama, namijin da ya haɗiye fenti don ɗiyarsu ba zai kore ta don gishiri ya yi yawa ba. Sai a lokacin guɗar da ta maƙale ta fito.

Da Mansur ya ga an yi dariya, sai ransa ya dawo, harshensa ma ya biyo baya. Ya juye tuwon, ya ɗauko akushin yana ɗanko a hannu, ya nufi inda Farfesa yake tsaye. Tun da aka ɗaga faifai mutumin bai motsa ba. Ɗalibai sun daina rubutu. Mansur ya ce a ransa gara ya riga shi, ya miƙa masa yana murmushi.

"Taubashi, ga amanarka. Ka ga har na rage maka aiki, yanzu ko ba fitila yana haske."

Farfesa ya karɓa. Ya juya shi, ya nemi babi na bakwai da yatsa, ya tarar an cike shi an shafe. Ya cire safar hannu ɗaya bayan ɗaya ya sa aljihu. Ya cire tabarau. Mansur ya gyara tsayuwa yana jiran doguwar lacca, irin wadda zai kwashe ya kai majalisa gobe. Amma da Farfesa ya yi magana, da Hausar Kekun Waje ya yi ta, wadda ba a ji a bakinsa ba tun yana ɗan sakandare.

"Inna ta ci a cikinai, ni na kalle shi. Kai ɗai Allah ya ba basirar da ta hana ci ta hana kallo." Ya naɗe akushin a hammata, ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Na san ka daɗe kana biɗar sunanka cikin littafina, Mansur. Ka kwantar da hankalinka, bugu na gaba kana ciki. Gara, gobara, ɓera, sai kai."